Awa Biyun da Ba Su Cikin Tikiti

Kusan kullum in ina zaune a bakin shagona a Kwanar Dangora, sai wani saurayi ya zo ya nuna mini waya, wai ya iya yankar tikitin jirgi da yatsa ɗaya, don haka shi ma zai fara kai mutane Umara. Nakan ce masa Allah ya ba da sa'a. In na ga mai jin magana ne sai in jawo masa benci, domin yankar tikiti ko jikata ta firamare in aka nuna mata sau biyu za ta iya. Aikinmu rakiya ne. A ba ka tsohon da bai taɓa wuce Zariya ba, ka kai shi ƙasar da ba ya jin yarenta, ka dawo da shi ga 'ya'yansa da ransa. Na haura shekara ashirin ina wannan sana'a, kuma har yau in jirgi ya fara gudu zai tashi sai na zaro tikiti na sake lissafi.

A hannun Alhaji Sa'adu na Bebeji na koya. Shekara uku ina ɗaukar masa jaka kafin ya yarda na riƙe fasfon mutum ɗaya. Ba ya bayani, sai dai ka kalla ka kwaikwaya, in ka yi shirme ya dube ka ta saman tabarau har ka tsani kanka. Kayan aikinsa ba su da yawa: jakar wuya da ba ya cirewa ko a banɗaki, roba ta ɗaure fasfo goma-goma, biro uku, da jan ƙyalle da yake yayyagawa ya ɗaura wa jakar kowane matafiyi don a gane ta daga nesa. Sai agogo biyu, ɗaya a kowane hannu. Na hagu yana kan lokacin Kano, na dama kan na Makka. Ni a lokacin na ɗauka burga ce irin ta alhazan da, don haka da na fara cin gashin kaina na ɗauki jaka da roba da jan ƙyalle, na bar masa agogonsa.

Akwai wata bita da na yi a Ba'awa a gindin mangwaro, da kujerar roba da igiyar shanya, ina koya wa dattawa bakwai yadda ake ɗaura bel. Daga nan na shiga bayanin banɗakin jirgi, cewa ba a shiga da buta a yi ta kwarara ruwa, kuma in ka danna maɓalli ka ji ƙara kar ka fito da gudu, ba abin da zai haɗiye ka. Wani malami a cikinsu ya ce shi dai ba zai shiga ba, zai riƙe har Jidda. Na ce Malam tafiyar da nisa. Ranar tashi shi ne ya zo da galan na man shanu da wuƙar yankan goro a aljihu, aka tsare mu a wajen bincike har aka kusa rufe ƙofa. Irin mutanenmu ke nan, manoman Kiru da Bebeji da ke zuwa bayan girbi, da makiyayan Tudun Wada da Doguwa da ke zuwa in sun sayar da sa. Ba su san komai a kan jirgi ba, kuma duk abin da ka faɗa musu sun ɗauka.

A wajenmu kowa ya yarda zuwa ya fi dawowa tsawo. Mutum zai dawo ya ce da za su tafi sun tashi da hantsi ba su sauka ba sai bayan la'asar sakaliya, amma da za su dawo, kafin ka ce kwabo ga Kano. Wasu su ce ai ɗokin gida ne, wasu su ce jirgin gangarowa yake yi. Ni kaina na yi shekaru ina faɗar haka a bita. Na san Makka ta riga mu da awa biyu, wannan ko yaro ya sani. Abin da ban taɓa tsayawa na lura ba shi ne, tikiti yana rubuta kowane gari da agogonsa. A cikin jirgi kuwa ba ni da lokacin duba agogo, ina tsakanin mai amai da mai neman alƙibla da wadda ta zauna a kujerar wani ta ƙi tashi. In mun sauka sai in tambayi lokaci in gyara nawa, shi ke nan.

Inna Hajo ce ta koya mini, kuma da tsada. Tsohuwar Bafulatana ce daga wata ruga a ƙasar Doguwa, can gefen duwatsu, siririya doguwa mai surutu da barkwanci. Tana da tari tun daga gida, na hayaƙin murhu shekara da shekaru. Ɗanta Bello ne ya kawo ta shagona, ya miƙa mini fasfonta da hannu biyu.

"Alhaji Mamuda, ga Inna. Yadda na ba ka ita, haka nake so ka dawo mini da ita."

"In Allah ya yarda," na ce.

Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan Kaɗon ne zai kai ni? To Allah ya sa ya san hanya."

Mu goma sha tara muka tafi. Ta yi ɗawafi da sa'ayi da ƙafarta, na kawo keken tura marasa ƙarfi ta ce in hau da kaina. Bayan kwana biyar ƙirjinta ya toshe, muka kai ta asibiti ta yi kwana shida. Da lokacin komawarmu ya matso likita ya ce zai sallame ta, amma da sharaɗi: ba za ta hau jirgi ba sai da injin numfashi. Ɗan ƙarami ne kamar rediyo, ana rataya shi, yana da siririyar roba da ake sa wa a hanci da maɓalli mai lamba ɗaya zuwa biyar, kuma da batir yake aiki. Ya haɗa mana da wani ɗan matsi da ake maƙalawa a yatsa, ya nuna lamba. Wani Bahaushe mai aikin shara a asibitin ne ya yi mana tafinta. Likita ya ce a sama iska ta fi ƙaranci, don haka injin ya tsaya a kan uku, kar a rage. In lambar yatsa ta yi ƙasa da casa'in, a nemi taimako nan take. Sannan ya tambaye ni awa nawa ne zuwa garinmu.

Na zaro tikiti daga jakar wuya na duba. Tashi daga Jidda ƙarfe goma na safe, sauka Kano ƙarfe ɗaya na rana. Na ɗaga masa yatsa uku ba tare da wani shakku ba. Ya ce to a tanadi batirin da zai kai tsawon tafiyar har da ƙarin rabinta, wato awa huɗu da rabi. Kowane batir yana yin awa biyu da kwata a kan uku, guda biyu sun cika cif. Mai shagon da muka sayi injin ya ɗauko na uku ya ce in ƙara, na yi masa dariya na ce ni ma ɗan kasuwa ne, kar ya yi mini wayo. Takardar da kamfanin jirgi ke so a cike ma uku na rubuta, wanda ya karɓa ya buga hatimi a cikin turmutsitsi bai ko karanta ba.

Ranar tafiya na jona injin a bango a ɗakin jira don in adana batir, har aka kira mu wajen tara da rabi. Daga nan batir na farko ya fara aiki. Muka hau mota zuwa gindin jirgi, aka ɗaga Inna Hajo a kujera zuwa ciki, na zaunar da ita a bakin taga na zauna kusa da ita. Tsohon jirgi ne, babu wurin jona komai a kujerunsa. Muka yi zaman sama da rabin awa ana jiran kaya. Aka rufe ƙofa, jirgi ya fara ja da baya, sai matuƙi ya yi magana ta lasifika da Larabci, ya sake da Turanci. Turancina na tasha ne, amma ina jin lamba. Na ce a raina ban ji daidai ba. Sai wata ma'aikaciyar jirgi, 'yar ƙasarmu, ta maimaita da Hausa tiryan-tiryan: tafiyarmu zuwa Kano za ta ɗauki kimanin awa biyar.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Nan take lissafin ya fito mini fili. Ƙarfe ɗayan da ke tikiti na Kano ne, a agogon Jidda uku ke nan. Awa biyar a sama, ga abin da muka riga muka cinye a ƙasa, batir kuma na awa huɗu da rabi. Zai mutu saura fiye da awa guda mu sauka.

Ku samari, a nan ya kamata in miƙe in ɗaga hannu. Jirgi bai bar ƙasa ba. Da na yi magana da an koma an sauke mu, a nemo batir, mu biyo wani jirgin. Amma na tuna mutum goma sha bakwai da za su isa Kano ba jagora, da bizar da ta kusa ƙarewa, da kayan da za a tono daga cikin jirgi mutum ɗari biyu suna zagina. Gaskiyar magana kuma, kunya na ji, a ce Alhaji Mamuda da ke yi wa mutane bita bai iya karanta tikiti ba. Na ce wa kaina wataƙila batirin ya fi yadda aka faɗa ƙarfi. Ina cikin wannan shawarar banza jirgi ya ɗaga.

Inna Hajo kuwa ranar bakinta ya buɗe. Murnar gida ta kama ta. Ta leƙa taga ta ga teku ya wuce, sai yashi ja iya ganinka.

"Kaɗo, daga nan zuwa Doguwa kwana nawa ne a ƙafa?"

"Ban sani ba, Inna. An ce ya haura kilomita dubu uku."

"Ni kilomita ba ta gaya mini komai. Kakana da ƙafa ya zo, da shanunsa. Ya bar babana yana rarrafe, ya dawo ya same shi yana kiwo. Mu kuma ka ce kafin la'asar muna gida?"

"In Allah ya yarda."

Ta shiga ba ni labarin shanunta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, wadda ke harbi in ana tatsa, da wadda ba ta yarda da kowa sai ita. Tana yi tana dariya tana tari, ni kuma idona na kan 'yan fitilun batir huɗu da ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da muka yi kamar awa guda a sama, na yi kamar ina gyara mata robar hanci, na mayar da maɓallin daga uku zuwa biyu. Lissafina shi ne in ya rage aiki zai rage cin batir. Ta ɗan tsaya da magana, ta dube ni, ta ci gaba.

Batir na farko ya yi ƙara ya mutu, na sa na biyu. Aka kawo abinci ban iya taɓawa ba. Wani daga cikin mutanena ya zo yana tambaya ko an yi azahar, na daka masa tsawa ba gaira ba dalili. Na sake lissafi a bayan katin shiga jirgi, na ga ko a kan biyu ba za mu kai ba. Sai na mayar da shi ɗaya. Ban maƙala mata abin yatsan ba duk tsawon wannan lokaci, don ba na son ganin abin da zai nuna.

Tana cikin labarin wata saniya da ta haihu a bakin rafi sai maganar ta fara ja, ta tsaya a tsakiya. Na zaci barci ne. Na ce, "Inna." Shiru. Na sake kira, ta buɗe ido da ƙyar, ta kira ni Bello. Leɓenta ya yi duhu kamar ta sha shuni. Na maƙala abin a yatsarta, ya nuna tamanin da biyu, ina kallo ya koma tamanin.

Ban san sanda na isa bayan jirgi ba. Na sami ma'aikaciyar nan mai jin Hausa na faɗa mata komai a tsaye, har rage lambar da na yi.

"Tun yaushe ka san batirin ba zai kai ba?" ta tambaye ni.

"Tun da kika yi sanarwa."

"Tun muna ƙasa?"

"E."

Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta kira babbarsu, suka ɗauko wata ƙaramar tukunyar iska da jirgi ke ajiyewa don larura, suka rufe wa Inna hanci da baki da abin shaƙa, suka kashe injin don a adana ɗan abin da ya rage. Aka tashi mutanen layinmu aka kishingiɗar da ita. Aka tambaya ta lasifika ko akwai likita, ba a samu ba. Can ma'aikaciyar ta dawo daga wajen matuƙi ta ce saura awa ɗaya da minti arba'in mu isa Kano, kuma wuri mafi kusa da za a iya sauka a sami asibiti ya kai awa guda. In lambar ta hau za a miƙe, in ta ƙi za a karkata. Na leƙa taga, ba gari ba itace ba hanya, yashi ne kawai. Nan na san nisa. A da in an ce kilomita dubu uku, magana ce kawai a bakina.

Na durƙusa a tsakanin kujeru ina riƙe da tukunyar, ido ɗaya kan allurar da ke nuna sauran iska, ɗaya kan yatsarta. Tamanin da uku. Tamanin da biyar. Ta daɗe a tamanin da bakwai kamar ba za ta motsa ba. Jirgin nan da ake cewa yana gudu, wallahi ji na yi kamar an rataye shi a wuri ɗaya. Duk addu'ar da na haddace ta gudu daga kaina, ba abin da nake maimaitawa sai sunan Allah. Matan ayarinmu suna ta salati ƙasa-ƙasa. Da ta kai casa'in da ɗaya ma'aikaciyar ta je ta faɗa, aka miƙe. Tukunyar farko ta ƙare aka kawo ta biyu, ita ma allurarta ta yi ta sauka ina kallo. Sai da jirgi ya fara gangarowa kunnuwana suka toshe, na hango kore da rufin kwano, sannan aka mayar da ita kan injin a lamba uku. Fitila ɗaya ce ta rage a batirin sanda taya ta taɓa ƙasa.

Motar asibiti ce ta ɗauke ta daga gindin jirgi. Ni na fito ta ƙofar jama'a, na tarar da Bello da 'yan uwansa sun yi shatar mota tun daga Doguwa, suna ta leƙen bayana. Wannan takun daga ƙofa zuwa inda yake tsaye ya fi mini duk tafiyar wuya. Na ce masa tana da rai, tana asibiti. A hanya na faɗa masa sauran, ban rage komai ba.

Ta yi sati uku a asibiti. Na tambayi likitan ko abin da na yi ne ya ƙara lalata ƙirjin, ya ce ba zai iya rantsuwa ba, amma bai taimaka ba. Aka sallame ta da sharaɗin ba ta rabuwa da injin. Ruga kuwa babu wuta, don haka Bello ya kama mata ɗaki a gidan wani danginsu a cikin Tudun Wada. Labari ya zagaya rugage da kasuwanni. A waccan shekarar ko mutum ɗaya ban samu daga Doguwa ba, na Kiru ma da suka yi alkawari suka zame. Na je Bebeji na gaya wa Alhaji Sa'adu, ya dube ni ta saman tabarau, ya ɗauki takarda ya rubuta mini abin da ya kamata in tambaye shi tun ina ɗaukar jaka: in za ka gabas ka cire awa biyu daga abin da tikiti ya nuna, in za ka dawo ka ƙara biyu, kuma ko ka yi hakan ka tambayi masu jirgin da bakinka. Zuwa da dawowa duk kusan awa biyar ne.

Sai da na yi wata biyu kafin na iya zuwa gaishe ta. Na same ta a kan tabarma a jikin bango, kusa da inda aka jona injin, igiyarsa ba ta kai ta ko bakin ƙofa ba. Ta rame. Magana takan yi ta ne guntu-guntu, tana hutawa a tsakani. Na durƙusa na gaishe ta, na ce na zo neman gafara.

"Kaɗo," ta ce. "Kai ka rage mini iskar nan a jirgi?"

"Ni ne, Inna."

"Na ji sanda ka taɓa. Na ɗauka likita ne ya ce a yi haka."

Na sunkuyar da kai. Ta daɗe tana jan numfashi, injin yana ɗan ƙararsa.

"Na yafe maka lissafin," ta ce. "Ni ma ban iya ba. Amma da ka gaya mini iskar ba za ta kai ba, ai da na yi shiru na adana ta. Ka bar ni ina ta ba ka labarin shanu."

Ba ta sake ganin shanun ba. A wannan ɗakin ta rasu kafin damina ta faɗi.